RA'AYINMU: LATTIN JIRGI BA A FILIN JIRGI YAKE ƘAREWA BA

Duk shekara idan aka kammala jigilar alhazai, hukumomi kan fito su karanta wa jama'a lissafi: mutum kaza aka kwasa, a sawu kaza, da jirage kaza, a gode wa Allah, a yaba wa ma'aikata, kowa ya watse. Ba mu da ja da wannan lissafi. Abin da ya dame mu shi ne wani lissafin da ba mu taɓa jin an karanta ba, wato yawan sa'o'i da kwanakin da maniyyata suka kwashe bisa tabarma a sansanin alhazai na Kano bayan an kira su an ce jirginsu ya kusa tashi, da kuma irin ɓarnar da wannan zama ya jawo wa gidajen da suka baro. A ganinmu muddin ba a fara rubuta wannan lissafi na biyu ba, to, za a yi ta ba mutane haƙuri kowace shekara, lattin kuwa yana nan daram.

Domin maganar ta fito fili, bari mu ɗauki Falgore. Ba dajin nan na hanyar Jos muke nufi ba, Falgore ta ƙasar Rogo muke nufi, can yammacin Jihar Kano bayan Ƙaraye, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Kaduna da ta Katsina. Mutumin birni idan aka ce jirgi ya fasa tashi, sai ya hau a-daidaita-sahu ya koma gida ya kwana a ɗakinsa, gobe ya dawo. Mutumin Falgore ba shi da wannan gata. Da zarar jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya aiko cewa a hallara, ya yi sallama da gari ke nan: an yi addu'a a ƙofar gida, an yafi juna, an ɗauki shatar mota, 'yan rakiya sun cika ta, an bi ta Ƙaraye an faɗa hanyar Gwarzo har Kano. Wanda aka yi wa irin wannan rakiya, da wane ido zai koma gari washegari ya ce jirgi bai zo ba? Ko da ya cire kunya, kuɗin mota zuwa da dawowa ba wasa ba ne, ga kuma tsoron kada a kira sunansa ba ya nan. Saboda haka sai ya zauna. 'Yan kuɗin da ya riƙo na kashewa a hanya su fara zurarewa wajen mai shayi da mai abinci, 'yan rakiya su rarrabu gidajen dangi a birni su zama nauyi a kan wasu, tsohon da ke shan maganin hawan jini ya fara cin na kwanakin da ya ƙidaya wa Makka tun yana Kano.

Wannan duk somin-taɓi ne, babbar asarar tana gona. A 'yan shekarun nan aikin Hajji ya faɗo daidai goshin damina: an yi tsayuwar Arafa ran 8 ga Yuli a 2022, ran 27 ga Yuni a 2023, ran 15 ga Yuni a 2024, ran 5 ga Yuni a 2025. Ƙasar Rogo da Ƙaraye kuwa ƙasar masara ce da dawa, kuma ruwa kan riga na arewacin jihar sauka a can. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san masara ba ta jiran kowa. Akwai kwanakin shuka, akwai na firi, akwai na zuba taki na fari da na biyu, kuma wanda ya wuce ya wuce. Magidancin da zai tafi Makka yakan tsara abinsa ne bisa ranar da aka faɗa masa: ya bar wa ƙanensa ko babban ɗansa kuɗin 'yan ƙwadago da na taki gwargwadon makonnin da zai yi. Kwana uku da ya ɓata a sansani kafin tafiya, kwana uku ne da zai iya tsayawa a kan shukarsa. Mako guda da aka ƙara masa a Makka ko a Jidda yana jiran jirgin dawowa, mako ne da kuɗin da ya bari suka ƙare, ciyawa ta ci gaba da aikinta. Abin da wannan ya rage a rumbu ba ya bayyana sai da kaka, wata huɗu ko biyar bayan kowa ya manta da zancen jirgi, kuma a lokacin ba wanda zai danganta shi da jirgin. Sai a ce shekara ce ba ta yi kyau ba.

Haka abin yake ga malamin firamare da hutunsa ya ƙare yana Jidda, aji na zaune ba kowa. Haka ga ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye wadda ita kaɗai ce mai karɓar haihuwa. Ba ma zancen ranar taryar alhaji, da za a yi yanka, a ɗora tukwane, a sake ɗaukar shata zuwa Kano, a wuni a bakin filin jirgi, da magariba a ji cewa sai jibi.

To, me ke kawo lattin? A nan muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai su ɗan jure mana, domin yawancin muhawarar da ake yi kan wannan batu a ɗakunan kwana zagi ne kawai, zagi kuwa ba ya tayar da jirgi. Jirgin alhazai ba ya zama yana jiran mutanen gari guda. Tsakanin Kano da Jidda tafiyar kamar sa'a biyar ce. Jirgi zai je, ya sauke mutane, ya sha mai, ya juyo fanko, a share shi, a duba lafiyarsa, a loda kaya, sannan ya ɗauki sawu na gaba, wanda wataƙila ma a Sakkwato ko Maiduguri yake. Ke nan jirgi ɗaya yana ɗauke da alkawarin jihohi da dama a jere kamar ƙwaryar tasbaha. Idan sawun Litinin ya makara da sa'a huɗu, na Talata ya gaji wannan latti tun kafin a kira mutanensa. Kuma abin ba ya tsayawa a sa'a huɗun. Hukumomin Saudiyya sukan ba kowane jirgi lokacin saukarsa a Jidda ko Madina. Wanda ya kuskure nasa sai ya nemi wani, a lokacin da jiragen duniya duka ke rububin fili guda. Matuƙa da ma'aikatan jirgi su ma doka ta ƙayyade musu iyakar sa'o'in aiki, idan jira ya cinye sa'o'insu tilas su kwanta su huta ko da jirgin lafiyarsa lau. Da haka lattin sa'a huɗu yake rikiɗa ya zama na kwana guda, na kwana guda ya haifi na uku. Wani lokaci kuma musabbabin yana can nesa da mu ƙwarai: yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru.

A ƙarshen wannan jeri akwai ƙofa da ake rufewa, domin Saudiyya takan daina karɓar jiragen mahajjata 'yan kwanaki kafin Arafa. Duk lattin da aka tara tun sawun farko, a kan mutanen sawun ƙarshe yake sauka. Mun ga haka a 2022, shekarar da aka sake buɗe wa baƙi hanya bayan annobar korona ta hana su zuwa a 2020 da 2021. Nijeriya ta sami kujeru kimanin 43,000, ba su kai rabin 95,000 da ta samu a shekarar da ta biyo ba, amma duk da haka aka rufe ƙofa da maniyyatan Jihar Kano wajen 700 a ƙasa, har hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fito ta nemi gafara. Mutanen nan sun biya kuɗinsu, sun je sansani, sun jira. Wasunsu tun kafin annoba suke tari.

Gaskiya ɗaya ce, ba kamfanonin jirage da hukumomi kaɗai ke da laifi ba. Akwai jihohin da kan makara wajen tura kuɗi, biza ta makara. Akwai alhazan da kan zo da kayan da suka ninka abin da aka yarda musu, a tsaya ana ciniki a kan ma'auni. Akwai kuma waɗanda za a kira su ƙi zuwa, jirgi ya zauna yana jiransu ko ya tashi da kujeru fanko. Amma a tsaya a tambaya, me ya sa suke ƙin zuwa? Domin maƙwabcinsu da ya amsa kira bara ya kwana huɗu a sansani. Jami'i kuma da ya san mutane ba sa zuwa a kan lokaci, sai ya kira su tun jirgi bai baro Jidda ba, don ya tabbata suna hannu. Su kuma da suka gane haka, sai su ƙara jan ƙafa baɗi. Kowane ɓangare yana kare kansa daga ƙaryar ɗayan, kuma kowane yana ƙara wa lattin tsawo. Wannan zargin juna ba wa'azi ne zai warware shi ba. Ranar da mutumin Falgore ya tabbata cewa idan an ce masa ƙarfe goma, to, ƙarfe goman ce ko kusa da ita, ba sai an roƙe shi ya zo da wuri ba.

Mun san amsar da manya kan bayar. Za a ce aikin Hajji dama ibadar haƙuri ce, kakanninmu da ƙafa suka tafi, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu shekara bakwai, wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Mene ne kwana uku a Kano? Muna girmama wannan magana, amma ba mu karɓe ta ba. Mai tafiyar ƙasa shi ke riƙe da kwanakinsa: ya san shekaru zai yi, ya raba gonarsa, ya sallami iyalinsa a kan haka, inda guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ya ƙara gaba. Bai biya kowa miliyoyin naira bisa alkawarin rana kaza ba. Haƙuri tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, kuma ladansa na mai yin sa ne. Ba a ba wani ma'aikaci izinin ya ci albashi da haƙurin talaka ba.

Sai dai kada a fahimce mu a karkace. Ba cewa muke yi jirgi ya tashi ko ta halin ƙaƙa ba, kuma muna da dalili mai ɗaci. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna cewa akwai tayoyinsa da iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba, kuma an san da haka. Da safiyar ranar makaniki ya nemi a ƙara musu iska, ba a sami abin ƙarawar nan take ba, wanda ke kula da jigilar kuwa bai yarda a ƙara makara ba. Tayoyin suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar a jikinsu, jirgin ya juyo bai kai ga sauka ba. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Wannan ma yana cikin abin da latti ke haifarwa, kuma shi ne mafi muni: matsin da yake ɗora wa mai yanke shawara har ya rufe ido ga abin da ya gani. Saboda haka idan injiniya ya ce jirgi ba zai tashi ba, mu muna bayansa. Abin da muke nema shi ne a faɗi gaskiyar dalili, a faɗe ta da wuri, kuma a rubuta ta. Jigilar da aka tsara da sarari a tsakanin sawu da sawu, da jirgin ko-ta-kwana a gefe, ita ce ke ba makaniki damar cewa a'a.

Rubutawar nan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka tun 1987 doka ta tilasta wa manyan kamfanonin jirage su riƙa miƙa wa gwamnati bayanin lokacin tashi da saukar jiragensu, kuma duk jirgin da ya wuce lokacinsa da minti 15 a latti ake lissafa shi. Daga 2003 aka ƙara da cewa sai sun faɗi dalili. Da aka tara alƙaluman, a can da kuma Turai, sai ga wani abu ya fito wanda da ba a rubuta ba da ba a gane girmansa ba: kaso mafi tsoka na lattin, wajen biyu cikin biyar, ba hadari ba ne ba kuma lalacewar inji ba, jirgi ne kawai ya makara a sawun baya ya jawo wa na gaba. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya har lambobi ta ware wa dalilan latti, kowane da tasa, don kada wani ya fake da "matsalar da ta fi ƙarfinmu". A Tarayyar Turai kuma, bisa dokar 2004 da hukuncin kotunsu na 2009, wanda aka makarar da shi sa'a uku ko fiye bisa laifin kamfani yana da diyyar Yuro 250 zuwa 600.

Mu ma nan ba a ce ba a yi komai ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, takan fitar da alƙaluma, kuma waɗanda ta bayar na Satumba da Oktoba 2024 sun nuna kusan rabin jiragen cikin gida sun makara. Sashe na 19 na dokokinta ya ce a jiragen cikin gida a faɗa wa fasinja dalili cikin rabin sa'a, bayan sa'a biyu a ba shi abin taɓawa, bayan uku yana iya neman kuɗinsa, idan dare ya raba a ba shi masauki. Fasinja nawa ne suka san haka? NAHCON ita ma, wadda aka kafa a 2006, takan sanar da tashin kowane jirgi a lokacin jigila: ya tashi ƙarfe kaza, da maza kaza, mata kaza, jimla kaza. Madalla. Amma abin da muka saba gani a sanarwar shi ne lokacin da jirgi ya tashi, ban da lokacin da ya kamata ya tashi, ban da kuma lokacin da aka kira mutanen da ke cikinsa. Da rabin lissafi ba a gane riba ko faɗuwa.

Abin ban haushi shi ne yau sanin inda jirgi yake ba sirri ba ne. Yawancin jirage suna watsa bayanin inda suke da kansu, kuma manhajoji irin su Flightradar24 suna nuna shi a wayar hannu. Yaron da ke zaune a Rogo, in dai yana da intanet kuma ya san lambar jirgin, yana iya ganin cewa jirgin da aka ce zai ɗauki kakarsa da azahar har yanzu bai baro Madina ba. Abin da yaro zai gani a waya, ba ma tsammanin ya ɓoyu ga ofishin da ya aika a kira ta. Kuma kada a ce harkar jirgi ta fi ƙarfin mutanen wannan yanki. A Kano jiragen sama suka sauka tun 1925. Kamfanin Kabo Air da ya yi shekaru yana jigilar alhazai, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ne ya kafa shi a 1980, mutumin Kabo, nan maƙwabtan Ƙaraye.

Don haka ga abin da muke kira a yi. Hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ta buɗe littafi guda, kowane sawu da layinsa: ranar da sa'ar da aka kira mutane, ƙananan hukumomin da aka kira, lokacin da aka tsara tashi, lokacin da aka tashi, da dalilin bambancin cikin kalmomin da kowa zai gane. Haka a dawowa. A manna shi a ƙofar sansani kullum, a karanta shi a rediyo da Hausa, a ƙarshen jigila a buga shi dungum. Idan za a raba wa kamfanoni jihohi a shekara mai zuwa, a ɗora littafin a kan tebur. Sannan a kafa ƙa'ida cewa ba za a taso da mutanen nesa, irin su Rogo da Doguwa da Sumaila, ba sai an tabbatar jirginsu ya kamo hanya ko yana ƙasa. Sa'a biyar ɗin da zai yi a sama ta ishi mota ta iso Kano daga Falgore. Wanda kuma aka riƙe fiye da kwana guda, abincinsa ya zama a wuyan wanda ya riƙe shi.

Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita kuka kama aiki a ma'aikatu, wannan ba ya bukatar kwangila ko kwamiti. Akawu ɗaya ne da biro da agogo. Mun san abin da ke hanawa: layin da aka rubuta dalili a cikinsa yana nuna ofishin da laifin yake, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya son ya zama shi ne ya rubuta. Amma littafin nan kariya ce gare ku, domin a yau idan maniyyata suka fusata, jami'in da ke tsaye a gabansu suke zagi, alhali wataƙila biza ce ta maƙale a wani wuri da bai taɓa takawa ba.

Lokaci kuma ba ya wajenmu. Kowace shekara aikin Hajji yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, kuma cikin shekarun 2030 jigila za ta koma cikin hunturu, lokacin da ƙurar da ke tasowa daga arewacin Chadi kan rufe Kano har jirage su kasa sauka. Dattawa ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da aka karkato daga Legas saboda rashin kyawun yanayi ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Jigilar da ke tangal-tangal a sararin Mayu da Yuni, yaya za ta kasance idan hazo ya hana sauka kwana biyu a jere? Wanda zai tsara wa waɗannan shekaru yana bukatar alƙaluman shekarun da suka gabace su, kuma sai an fara tara su yanzu.

Mu a namu ɓangaren ba za mu jira ba. Kusan kowane ɗalibi da ke karanta wannan mujalla yana da wanda zai raka ko zai tarya a jigila mai zuwa. Muna roƙon kowa ya rubuta abu huɗu a takarda: garin da maniyyacin ya fito, lokacin da aka kira shi, lokacin da jirginsa ya tashi, da dalilin da aka faɗa masa in an faɗa. Ba ma bukatar sunan kowa. 'Yan ƙungiyoyin ɗalibai na Rogo da Ƙaraye, da na sauran ƙananan hukumomi, su tattara na yankunansu su kawo ofishin mujalla, in da hali su ƙara da abin da jiran ya ci na kuɗi da na aikin gona. Za mu jera su sawu-sawu mu buga a fitowar da ta biyo bayan dawowar alhazai, mu kuma aika wa hukumar jiha da kwafi.